Rijiyar Dabo Mai Tashi da La'asar

A Kwarin Gawo, wani gari da ke gefen hanyar Daura zuwa Sandamu, babu wanda bai san Dabo ba, domin ko ba ka gan shi ba ka ji muryarsa. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Asalin abin, ya taɓa yin gadi a wani kamfanin gine-gine a Kaduna, kuma a faɗarsa duk gadar da aka gina a wancan zamani sai an leƙo ɗakin gadi an nemi shawararsa. Da aiki ya ƙare ya dawo gida shi da matarsa Talatu, abin da ya zo da shi hular kwano ce rawaya da labari buhu-buhu.

Wata rana ya je ɗaurin aure Katsina. A can ya ga wani attajiri mai kamfanin ruwan leda, wanda aka ce da ribar ruwan yake haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi. Maroƙa na ta wasa shi, tsofaffi na sa masa albarka, ana ture-turen ba shi kujera. Dabo kuwa a rana ya tsaya har aka shafa fatiha, ko mai cewa ya matso inuwa bai samu ba. Tun a mota abin yake cin sa, kafin a iso Daura ya gama gina kamfani a ransa, har ya ɗauki ma'aikata ya kori biyu.

Da ya sauka bai nufi gida ba, sai gindin dalbejiyar da ke ƙofar shagon Okafor, inda majalisar gari take zama. Okafor mai sayar da kayan babur ne, ya daɗe a garin har karin maganarsa ya fi na wasu 'yan gari yawa.

Dabo ya gyara tsayuwa ya ce, "Ku kalle ni da kyau yau, don nan gaba sai da izinin sakatare za ku gan ni."

Okafor ya ɗago daga kan tayar da yake dubawa. "Kansila suka ba ka, Malam Dabo?"

"Kansila roƙo yake yi, ni bayarwa zan yi. Kamfanin ruwa zan buɗe, tsabtatacce, wanda in ka ɗaga ledar za ka hango Sandamu ta ciki. Duk leda ɗaya da aka saya, ta biyu ta talaka ce. Riba kuwa ba zan taɓa ta ba, rijiyoyi za a yi ta haƙawa. A fara da Dutsi, a gangara Mai'adua, a tsallaka iyaka, don mutanen Nijar ma bayin Allah ne."

"Madalla. Ruwan yana ina?"

"Kai matsalarka ke nan, Okafor. Ƙananan abubuwa ke ɗauke maka hankali, shi ya sa har yau kake sayar da fulogi."

A gida Talatu na tankaɗe ya zayyana mata tsarin. Ta saurara har ya kai inda za a yi masa naɗin Garkuwan Talakawa, sannan ta tambayi inda jarin zai fito. Ya yi gyaran murya, ya dubi turken shanun huɗarsu guda biyu.

Ta ajiye rariya. "Malam, damina fa ta kusa. Da me za mu yi huɗa?"

"Da tarakta."

"Ta wa?"

"Tamu mana. Ke dai ki fara koyon zama a gaban mota."

"Ni dai na san zama da yunwa, kuma ba na marmarinsa."

Ranar kasuwar Mai'adua shanu suka tafi, ba su dawo ba. A madadinsu aka sauke tsohon injin liƙe leda, da janareta mai tarin asma, da ɗaurin ledoji da aka buga wa hotonsa da hular kwano. A ƙarƙashin hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: RUWAN DABO, SHA KA GA ABIN MAMAKI.

Talatu ta karanta, ta sake karantawa, sai ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

"Mene ne abin dariya?"

"Malam, ruwan dabo fa ka rubuta. Wa zai sayi ruwan 'yan rufa-ido? Mutum ya sha ya nemi kuɗin aljihunsa ya rasa."

"Sunana ne, ubana ya raɗa mini."

"Shi bai san za ka zuba shi a leda ba."

Saura ruwa. Okafor ya ba shi shawara ya kira masu na'urar da ke gano inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Dabo ya ce ai na'urar da hancinsa aka gwada ta kafin a fara sayarwa. Ya kifa hular kwano, ya shiga zagaya gida yana shinshina, kaji na binsa a baya. A wata kusurwa ya tsaya, ya buga ƙafa ya ce, "Nan. Ina jin ƙamshin danshi."

Ya ɗauko masu haƙar rijiya daga Dutsi. Suka yi ta aiki har rana ta take tsaka, sai ƙasa ta burma da na cikin ramin. Danshi kam akwai shi, don tsohuwar shaddar gidan ce, wato masai, da aka binne tun zamanin kakansa. Mutumin ya fito, ya yi wanka da sabulun Talatu gaba ɗaya, suka tattara kayansu. Yinin ranar majalisa sai tsallaken titi ta koma.

"Hancin ya yi aiki," in ji Okafor, yana toshe nasa. "Abin da ya sani ya nuna."

"Gwaji ne. Kowane injiniya sai ya fara sanin inda ba zai haƙa ba."

Rami na biyu a jikin madafin Talatu ya sa aka yi, da wasu maginan da ba su ji labarin na farko ba. Waɗannan ba su samu komai ba sai tsakuwa, amma sun yi wa bangon madafi ƙwaƙwalar da ta isa. Talatu ta fita ɗebo gishiri ke nan bango ya kwanta a kan tukunyar miyar kuka. Ta tsaya da gishiri a hannu ta dubi ƙura, ta dubi mijinta.

"Ga abincin rana can, Injiniya. Ka sa hanci ka gano shi."

Daga nan babu mai haƙar da ya yarda ya taka gidan, sai Dabo ya ɗauki diga da kansa. A bayan gidan akwai wani fili siriri. Da can lungu ne da jama'a ke bi zuwa Gangare, unguwar da ke ƙasan gari. Bayan dawowarsa daga Kaduna ya fara jingina kara a wurin, kara ya zama danga, danga ta zama katanga, lungu ya shige cikin gida kamar da shi aka haife shi. Nan ya zaɓa, don nan ne kaɗai Talatu ba ta hango shi.

Ramin bai kai masa ƙugu ba diga ta ce ƙwas, ruwa ya yi tsiri ya dake shi a fuska, ya cire masa hula. Ruwa garau, mai sanyi. Dabo ya faɗi zaune a cikin taɓo yana haki. Da ya lalubo hularsa sai hannunsa ya ci karo da wani ɓallin shuɗiyar roba mai lanƙwasa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Wani tunani ya taso masa tun daga ciki, ya zo maƙogwaro, ya haɗiye shi.

"Yaran zamani da zubar da shara," ya ce, ya wurga ɓallin bayan katanga.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Dabo ya tsaya a bakin rami jiƙe sharkaf yana karɓar barka. Ya ce wannan ƙanwar rijiyar Kusugu ta Daura ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ƙarƙashin ƙasa suke gaisawa. Nan da nan ya sa aka kewaye ramin da bulo, aka shafe da siminti, aka yi murfin ƙarfe da kwaɗo, aka bar tiyo ɗaya yana fitowa. Duk wanda ya nemi leƙawa sai ya rage murya ya ce akwai mai wurin, wani dattijon aljani, kuma sun yi alkawari babu idon da zai ga ƙasan rijiyar.

Rijiyar dai tana da hali. Ba ta kawo ruwa sai rana ta ɗaga, da la'asar kuma ta ɗauke ɗif. Ranar da aka yi gajimare kuwa sai ta yi ta ɗiga kamar mai jin ƙiwa.

"Malam Dabo," in ji Okafor, "rijiyar nan taka ma'aikaciyar gwamnati ce?"

"'Yar boko ce. Tana da lokacin aiki, ba irin rijiyoyin ƙauye ba da ake damu ko da yaushe."

Aka shiga aiki. Ruwan na fitowa da ɗan yashi, saboda haka Dabo ya kafa abin da ya kira sashen tacewa, wato farin gyalen Talatu na zuwa biki, ɗaure a bakin baho. Ranar da ta gan shi, tuwonsa ya zo ba miya. Injin liƙe leda shi ma da ra'ayinsa. Wata ledar ta fito kamar matashin kai, wata kamar ƙwallon goro, wata kuma ya liƙe ta sarai ba ruwa a ciki. Rannan ya haɗa da hannun rigar Dabo ya liƙe, sai a sahun sallah aka ga leda na reto a gwiwar hannunsa, duk ruku'u tana cewa ƙulum.

Kasuwar farko Daura ya nufa. Ya ɗaure kaya a bayan babur, tuli har ya fi kansa tsawo. Tun daga kwanar gari ledoji suka fara fashewa, kowane rami ɗaya ko biyu. Ya isa bakin tasha da ragowar da ba ta cika kwano ba, wandonsa kuwa jiƙe tun daga ƙugu har idon sawu. Mutane suka riƙa kallonsa suna kawar da kai. Wani mai maganin gargajiya ya biyo shi, ya dafa kafaɗarsa ya ce a hankali, "Alhaji, ba abin kunya ba ne, manya da yawa na fama da ita. Ina da saiwar da ake jiƙawa."

A majalisa kuwa cewa ya yi kaya sun ƙare tun kafin ya kashe babur.

Ana cikin haka Gangare ta shiga wani hali. Unguwar talakawa ce, famfo ɗaya gare su, wanda ƙungiyar ci gaban gari ta jawo musu daga tankin sola da ke kan tudu kusa da makarantar firamare. Famfon ya ƙafe. Tanki na cika, famfon makaranta na zuba, nasu ko ɗigo. Mata suka koma kududdufin da shanu ke sha, tafiya mai nisa da tulu a ka, yara kuma suka fara ciwon ciki. Da abin ya ishe su suka tuna da mai kamfanin da ya yi wa talakawa alkawari, suka ɗunguma gidansa. A gabansu Inna Ikilima ce, tsohuwa mai sayar da zoɓo a ƙofar makaranta, wadda ko mai unguwa ba ya son ta tare shi da safe.

Dabo ya ji daɗi har kunnensa. Ga talakawa sun kawo kansu, bai ko sha wahalar zuwa Nijar ba. Ya jera su a layi, ya ari lasifikar mai tallan maganin ɓera, ya yi jawabi a kan falalar ciyarwa da shayarwa har jarirai suka fara kuka. Sannan ya miƙa wa kowace leda biyu, yana riƙe da gefen ledar sai an ɗauki hoto.

Inna Ikilima ta huda tata da haƙori ta kurɓa. Ta juya ruwan a baki.

"Dabo, ruwan nan kamar na san shi."

"Inna, ruwan kirki duk dangin juna ne."

"Yaushe rijiyar taka ta ɓullo?"

"Ranar Larabar da aka yi iskar nan."

"Ranar famfonmu ya mutu."

"Kin ga ikon Allah ke nan. Bai rufe wata ƙofa ba sai da ya buɗe wata."

"Haka ne. An ce kuma da la'asar take tashi. Namu ma da la'asar yake tashi, in rana ta bar kan faifan sola."

"Zamani ne, Inna. Komai yanzu da lokaci yake aiki."

Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi tudun makaranta, ta sauke ido a kan katangar Dabo, ta juya ta dubi Gangare, kamar mai zare a ido tana ɗinke su. Ta ce Allah ya saka da alheri, da wata irin murya da ta sa Dabo ya ji ƙishirwa.

Da yamma Okafor ya ja shi bayan shago inda ba kowa.

"Malam Dabo, ina da mahaɗin bututu, ina da gam. Aikin ɗan lokaci ne, ni zan taya ka, ba sai kowa ya ji ba. Ka ce aljanin ya yi ƙaura."

"Wane bututu?"

"Yara na kwance a Gangare. Tsuntsun da ya ja ruwa fa shi ruwa kan doka."

Dabo ya tuna ɓallin shuɗiyar roba, ya tuna matan nan da tuluna. Amma ya riga ya aika wa mai unguwa da liman goron gayyatar bikin buɗe kamfani, ya yi hayar rumfa, an ɗinka masa sabuwar riga. Ya ce a ransa bari a yi bikin tukuna, in ya so daga baya a duba maganar aljani.

"Hassada ce ke damun garin nan," ya ce da ƙarfi, ya tafi.

Ranar biki gida ya cika har kan katanga. Mai unguwa Nu'uman ya zo cikin farar shadda mai ɗaukar ido, liman na gefensa. An jawo tiyo daga rijiya zuwa wani sabon famfo da aka ɗaura wa kyalle, an ajiye kofin gilashi a kan tire. Talatu na daga ƙofar ɗaki da tsohon mayafi, ta harɗe hannuwa. Matan Gangare ne kawai ba a gani ba, Dabo ya ce kunya ce irin ta wanda aka yi wa alheri.

Ya karɓi lasifika. Ya faro daga Kaduna, ya bi ta kan gadoji, ya zo kan daren da ya yi kokawa da dattijon aljani har suka yi sulhu. Ya lissafa garuruwan da za su samu rijiya, ya ƙara da asibiti, ya ƙara da makarantar marayu. Ya ce duk wanda ya sha wannan ruwa zai ga abin mamaki, ba shi ya faɗa ba, a rubuce yake. Sannan ya roƙi mai unguwa ya sa albarka.

Mai unguwa ya yi bisimilla, ya kara kofi, ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi kaki, sannan ya feso da ƙarfi, ya wuce kofin ya sauka a ƙirjin farar shadda.

Ja wur.

Jan ruwa na ta kwarara, yana bin ƙasa yana nufar ƙafafun manyan baƙi. Can daga baya wata murya ta ce, "Jini ne."

Ba a sake bi ta kan kujeru ba. Masu kan katanga suka dira waje, na ƙasa suka haye katanga. Mai kiɗa ya bar kalangunsa. Rumfa ta karye ƙafa ɗaya ta rufta a kan teburin ledoji, suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya, kowace fashewa sai gudu ya ƙaru.

Dabo kuwa ya zube a inda yake. Shi ya ƙagi aljanin nan da bakinsa, ya sani sarai, amma ga jini yana gani da idonsa. Wa ya sani ko garin ƙaryar ya ambaci sunan wani na gaske? Ya rarrafa ya cafke rigar liman, lasifika na rataye a wuyansa a kunne, duk gari na ji.

"Malam, ka yi addu'a, ka ba shi haƙuri. Wallahi ban san yana nan ba. Ƙirƙirarsa na yi don kada a leƙa. Ban taɓa kokawa da shi ba, ko da ɗan akuya ban taɓa kokawa ba. Ka ce masa gadi na yi a Kaduna, gadi kawai."

"Sake mini riga, Dabo," in ji liman, "in samu hannun yin addu'ar."

Sai ga Inna Ikilima ta shigo, matan Gangare na biye da ita, hannuwanta ja har gwiwa. Ta ratsa ta cikin karyayyun kujeru ba gaggawa, ta ɗauki kofin da mai unguwa ya yar, ta tara a famfo, ta kurɓa.

"Saura sukari da citta," ta ce.

Ta juya wajen mai unguwa ta rusuna. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni da rigar, zoɓo ne, da lemon tsami zai fita. Tun jiya na jiƙa buhu guda. Da safen nan na nemi izinin masu kula da tankin makaranta, na juye a ciki, muka je bakin famfonmu muka zauna mu ga ko zai iso. Bai iso ba. Sai muka ji ihu daga nan, muka ce to, ga inda ya sauka."

Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na cewa shi dama alwala ya je. Mai unguwa ya dubi ƙirjinsa, ya dubi Dabo, ya ce a kawo guduma. Aka fasa kwaɗo, aka ɗaga murfi, aka kwashe ruwan da bokiti. Ga shuɗin bututu nan kwance a ƙasan rami, da ɓarakar diga a gadon bayansa.

"Ga dattijon," in ji Okafor. "A gaishe shi."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Mai unguwa bai yi ba. Ya tako ya dubi katanga, ya dubi inda ta faro da inda ta ƙare.

"Dabo, nan ba lungun da muke bi zuwa Gangare ba ne muna yara?"

"Ranka ya daɗe, adana shi na yi, don kada a ɓata."

"Ruwan mutane ma adana shi ka yi?"

Dabo ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara hular kwano. Tunda ba jini ba ne, muryarsa ta dawo.

"Ranka ya daɗe, in an duba da idon basira, ni na gano wa garin nan cewa bututun ba shi da ƙwari. Da ba don ni ba, wa zai sani? A Kaduna biyan mutum ake yi a kan irin wannan bincike."

"Za a biya ka," in ji Inna Ikilima. "Ka sa mu a layi, ka ba mu ruwanmu leda bibbiyu, ka sa mun yi godiya har da hoto. Ai ba ma ci bashin alheri ba."

Nan take aka yanke hukunci. Dabo zai gyara bututu, ya rushe katanga ya mayar da lungu. Kafin a wanke tanki ruwa ya koma daidai kuma, shi zai riƙa tura kurar ruwa daga famfon da ke bakin kasuwa zuwa Gangare, gida-gida, har sai Inna Ikilima ta ce ya isa. Inna Ikilima kuwa ba ta da saurin cewa ya isa. An gyara bututu, famfo ya dawo, yara sun warware, amma kullum sai ta gano wata tsohuwa mai ciwon baya da ba ta iya zuwa famfo.

Haka aka riƙa ganin Injiniya da hantsi yana tura kura, jarkoki na kaɗawa, gumi na bin hular kwano. In ya wuce majalisa sai ya rage sauri ya ce kamfani ya koma tsarin kai wa mutum har gida, irin na ƙasashen da suka ci gaba. Damina ta sauka, maƙwabta suka fita da shanunsu, shi ya fita da fartanya, Talatu na biye da shi da iri tana tambayarsa ko a nan ne gaban motar.

Wata ranar zafi bayan an sha ruwan sama, wani baƙo daga Sandamu ya tsaya sayen fulogi, ya tambayi labarin kamfanin ruwan da ya ji ana yi. Dabo na zaune yana fifita da hula, tafin hannunsa duk kanta.

"Na sadaukar da shi ga jama'a gaba ɗaya," ya ce. "Ka gangara Gangare ka gani, duk mai buɗe famfo sai ya ambaci sunana."

"Wannan gaskiya ne," in ji Okafor. "Suna ambata."

Dabo bai kula shi ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya share gumi, idonsa ya fara wannan ƙyalli da majalisa ta sani.

"Kun san abin da talakan ƙasar nan ya rasa? Ƙanƙara. Daga nan har Mai'adua babu mai yin ta kirki. Jari kaɗan take so, kamar kuɗin awaki huɗu haka."

Bai kai ga lissafa garuruwan da za su amfana ba magana ta riga ta isa gida. Da ya koma cin abincin rana ya tarar da turke wayam, igiyoyi a ƙasa. Talatu ta kwance awakinta huɗu, ta kora su gidan yayanta a Dutsi, ta bar masa saƙo wajen maƙwabciya cewa tuwo na cikin kwano, in ya huce ya yi sanyi, ya fara sayar da shi a matsayin ƙanƙarar.